Darasi na Goma Sha Huɗu: Tafiyar Keke Daga Gindin Dutse Zuwa Ƙololuwa

Share fage

A wannan darasi za ka koyi kalmomin da ake bayyana yanayin ƙasa da su, da kuma sunayen sassan keke. Karanta nassin sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Karatu

Idan kana hawa keke zuwa makaranta, ka san cewa ƙafa takan gane tudu tun kafin ido ya gan shi. Yau za mu bi wata hanya da ta shahara a wurin masu keke. Tana kudancin Faransa, cikin duwatsun Pyrenees waɗanda suka raba ƙasar da Sifaniya. Tsawonta kimanin kilomita 50 ne, daga garin Lourdes zuwa mashigin Tourmalet. Mashigi shi ne wurin da hanya ke ƙetare dutse ta tsakanin ƙololuwa biyu. A wannan 'yar tazara za ka ratsa ƙasa iri huɗu, kowace da irin tuƙin da ya dace da ita.

Lourdes yana gindin duwatsun ne, a tsayin mita 400 ko kusa da haka daga saman teku. A gindin dutse tuddai ƙanana ne, hanya ta hau kaɗan ta sauka kaɗan. Nan ne za ka duba kekenka: birki yana kamawa? Tayoyi sun sha iska? Sarƙa tana da mai? Ka ɗauki ruwa da guzuri da famfo da kayan faci, ka ɗaura hular kwano. Ka sa rigar sanyi a jaka ko da rana tana ƙuna. Za ka ga dalili nan gaba.

Daga Lourdes sai ka shiga kwari mai faɗi, inda kogin da mutanen wurin ke kira Gave yake gudana tsakanin gonaki da makiyaya. Akwai tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke, mai tsawon kimanin kilomita 18, wadda ta bi ta garin Argelès-Gazost har zuwa Pierrefitte. Babu motoci a kanta, hawan kuma da ƙyar ake jin sa. A nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Ganin hanya ta yi daɗi, sai ya ɗibi gudu, ya ƙarar da ƙarfin da zai buƙata a gaba. Gwanaye kuwa sukan tuƙa a natse, suna kurɓar ruwa tun ƙishirwa ba ta kama su ba.

Bayan Pierrefitte duwatsu sukan matso da juna, kwari ya tsuke ya zama kwazazzabo. Kogi ne ya ƙwaƙule shi a tsawon dubban shekaru. A gefe guda bangon dutse ne a tsaye, a ɗaya gefen kuma ruwa yana ruri can ƙasa. Hanyar keke ta ƙare, yanzu titi ɗaya kuke bi da motoci, ga ƙunci ga kwana-kwana. Wurin yana da inuwa da sanyi, wani lokaci kuma duwatsu kan gangaro kan titi. Saboda haka ka kama hannunka na dama, ka kunna fitilar baya, idan kuna da yawa ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Bayan kilomita 12 ko kusa da haka, sai sarari ya sake buɗewa, ka iso garin Luz-Saint-Sauveur a tsayin kimanin mita 700.

Daga Luz ne ainihin hawa yake farawa. Kilomita 19 suka rage, amma a cikinsu za ka hau mita 1,400. Wato a duk mita 100 da ka yi gaba, ka ƙara tsayin mita 7 da ɗoriya. An kafa alluna a gefen titi, ɗaya a kowace kilomita, suna nuna nisan da ya rage da tsananin hawan da ke tafe. Ka sa giya mai sauƙi, ka riƙa juya feda daidai da numfashinka. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Za ka wuce ƙauyen Barèges, wanda tsayinsa ya yi kusa da na birnin Jos. A watan Yuni na 2013 ambaliyar ruwa ta yi wa ƙauyen da titinsa mummunar ɓarna, sai da aka sake gina wasu sassan hanyar.

Can sama da Barèges itatuwa sukan ƙare, sai ciyawa da duwatsu. Da bazara shanu da tumaki suna kiwo a sake, har sukan tsaya a tsakiyar titi. Iska ma takan canza. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, don haka kan dutse yana iya fin Lourdes sanyi da digiri 10 ko fiye. Ka ga amfanin rigar da ka ɗauko. Kilomita ta ƙarshe tana cikin mafi tsanani, daga ita sai mashigin Tourmalet, a tsayin mita 2,115. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe shi, ba a buɗe hanya sai ta narke.

Wannan mashigi yana da tarihi. Babbar gasar tseren keke ta Faransa, wato Tour de France, ta fara a 1903, kuma a 1910 ta fara ƙetare Tourmalet. A lokacin babu kwalta a hanyar. Octave Lapize, wanda ya riga kowa isa sama, sai da ya sauka ya tura kekensa a wani wuri. Duk da haka shi ya lashe gasar a shekarar. A 1913 kuma, Eugène Christophe yana gangarawa ta gabas sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, domin doka ta hana a taimaki ɗan tsere. Amma da yake wani yaro ya yi masa zuga, alƙalai suka ƙara masa mintuna a matsayin horo. Ya yi asarar sa'o'i, amma ya hau kekensa ya ƙarasa zangon ranar.

Labarin Christophe yana tuna maka cewa isa ƙololuwa rabin tafiya ne. Gangara ta fi hawa haɗari. Ka sa rigarka kafin ka fara sauka, ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ka kama birkin gaba da na baya tare, kana kamawa kana saki don kada su yi zafi. Idan hazo ya sauko ko hadari ya haɗu, ka dakata ko ka juya.

Ma'anar kalmomi

- kwari: ƙasa mai zurfi tsakanin tuddai ko duwatsu
- kwazazzabo: kwari mai ƙunci da zurfi wanda ruwa ya ƙwaƙule
- ƙololuwa: wuri mafi tsayi a kan dutse
- gangara: saukowa daga sama zuwa ƙasa
- maƙera: wurin da maƙeri yake sarrafa ƙarfe
- zuga: hura wutar maƙeri da zugazugi
- zango: yankin tafiya da ake yi kafin a huta

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe biyu ne duwatsun Pyrenees suka raba?
2. Wane kuskure baƙo yake yi a cikin kwari?
3. Kawo abubuwa uku da ake yi don kauce wa haɗari a kwazazzabo.
4. Me ya sa ake ɗaukar rigar sanyi?
5. Don me alƙalai suka hori Christophe? Kana ganin sun yi adalci? Kawo dalilinka.

Aiki

1. Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: dutse, kogi, keke, tudu, hanya.
2. Kawo kishiyoyin waɗannan: hawa, faɗi, sanyi, sama, gaba.
3. A jimloli goma, bayyana hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta. Nuna inda take hawa da inda take gangarawa, da wurin da ya kamata mai keke ya yi hattara.