Amsar Tambaya: Na Tuba, Amma Kasuwa Ba Ta Manta Ba

Tambaya: Ni Kirista ne daga Bahindi, ina awon shinkafa a kasuwar Tsamiya. A da ina tauye mudu. Na tuba, amma har yau "mai ƙaramin mudu" ake kirana. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah mai gafara ne, amma matar da ta tsallako daga Benin, ta koma gida ta tarar awonta bai cika ba, ba ta ji tubanka a coci ba. Duba Zakka a Luka sura 19: da ya tuba, alkawari ya yi zai biya waɗanda ya cuta ninki huɗu. Nemi waɗanda ka tauye wa, ka cika musu. Ka riƙa miƙa wa mai saye mudun ya auna da hannunsa, har ya yi tozo. Fara ran kasuwa mai zuwa.