Kafin Ka Dasa Lemun Yuzu a Gida

Yuzu lemo ne da ake nema don ƙamshin ɓawonsa. Ruwansa kaɗan ne, ƙwayayen iri sun cika cikinsa, tsaminsa kuma ba ya barin a sha shi kamar lemun zaƙi. Asalinsa daga Sin ne, amma a Japan da Koriya ya yi suna. Lardin Kochi da ke tsibirin Shikoku shi ke noma kusan rabin abin da Japan ke samarwa. A can ana matsa ruwansa a romon ponzu, a Koriya kuma a yanka ɓawon a jiƙa da zuma ko sukari a yi shayi.

Shawarata ta farko, wadda na fi damuwa da ita: kada ka shuka ƙwayar. Bishiyar da ta fito daga iri takan wuce shekara 10 ba ta ba da ɗa ko ɗaya ba. Nemi dashe ɗan aure, yadda muke yi da mangwaro. Manoman Japan kan aura shi a kan wani lemon daji mai suna karatachi, sai ya fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5. Ka saya a wurin masu rainon dashe da hukuma ta amince da su. Kada ka sa wani ya ɓoyo maka reshe a jaka daga waje, domin ta haka cututtukan lemo ke tsallaka iyaka.

Ka kula da mahaɗar auren nan sosai. Wajen dasawa ka bar ta a saman ƙasa, kada ka binne ta. Duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta na gindin ne, ba yuzu ba ne, kuma idan karatachi ne za ka gane shi da ganye uku-uku a haɗe. Cire shi tun yana ƙarami. In ka ƙyale shi, zai cinye abincin bishiyar ya danne ta, ka yi ta ban ruwa ga lemon da ba ya ciwuwa.

Saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwa. A tukunya mai huji a ƙasa, gauraya ƙasa da yashi da taki wanda ya ruɓe sarai. Sai saman ƙasar ya bushe kafin ka sake zuba ruwa, in za ka zuba kuma ka ƙosar da ita. Sa safar hannu mai kauri lokacin rage rassa, ƙayarsa doguwa ce, kuma a nisanta shi da wajen wasan yara.

Sai batun yanayi. Yuzu ɗan sanyi ne, ya fi yawancin lemuka jure hunturu. A Japan yana fure wajen watan Mayu, a tsinki ɗanye a ƙarshen zafi, ya nuna rawaya a Nuwamba. Sanyin dare ke kawo wannan launin, don haka a ƙasa mai zafi ɓawon na iya zama kore ko da ya ƙosa. Mai zaune a Turai, ko a tudu mai sanyi irin Jos da Mambila, ya fi mutumin Sakkwato sa'a. In a zafin kake, ajiye tukunyar inda za ta sha hantsi ta samu inuwa da azahar, ka yi amfani da koren yadda yake: a goge ɓawon, a daka da barkono da gishiri, shi ne yajin da Japanawa ke kira yuzu kosho.