Darasin Lafiya: Minshari da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci

A ƙauyukanmu na ƙasar Daura, mai minshari abin zolaya ne. Amma akwai minsharin da ciwo ne, kuma ya kamata mu gane shi.

Mene ne ciwon?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki. A wurin wasu sukan toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sai mutum ya zabura kamar an shaƙe shi. Idan haka ya kai sau 30 a awa ɗaya, ciwon ya yi tsanani. Mai shi yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Ciwon yana jawo hawan jini da shanyewar jiki. Direban da ke bin hanyar Daura zuwa Kano yana gyangyaɗi kuwa, rayukan fasinja ne a hannunsa.

Maganin allura mai zafi

A ƙarshen shekarun 1990, Dakta Nelson Powell da abokan aikinsa a Stanford ta Amurka suka fito da wata dabara. Ana soka siririyar allura a gindin harshe ko a ganɗa, ta ɗumama naman da igiyar rediyo. Idan wurin ya warke, sai ya tsuke, hanyar iska ta ƙara buɗewa.

Da farko an ga sauƙi. A rahotonsu na 2002 kan mutum 16, tsayawar numfashi ta ragu daga kusan sau 40 a awa zuwa kusan 18. Amma bayan wata 28 ta koma kusan 29. Wato maganin yana ragewa, ba ya kawarwa, kuma ciwon yakan dawo. Ga mai tsananin ciwon, likitoci sun fi dogara ga na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostiraliya a 1980. Ita kuma tana bukatar wuta kowane dare.

Abin da za mu yi

1. Mu saurari barcin juna. Mai ciwon bai san numfashinsa yana tsayawa ba. Matarsa ko mijinta ne zai faɗa.
2. Mu je Babban Asibitin Daura a auna jini. Daga nan za a iya tura mu wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.
3. Mu rage ƙiba, mu kwanta a gefe, mu bar burkutu da ƙwayar barci.
4. Kada mu kai mai minshari wurin wanzami a cire masa beli. Yana iya zubar da jini ko kamuwa da cuta.
5. Kafin mu sayar da sa ko gona domin wani aiki, mu tambayi likita: shekara nawa sauƙin zai kai?

Tambayoyin tattaunawa

Me ya sa muke jin kunyar maganar minshari? Yaya za mu gaya wa direba mai gyangyaɗi gaskiya ba tare da mun ci masa fuska ba?