Darasin Noma: Keɓe Irin Citta Mai Lafiya

'Yan'uwa manoma, ba mu manta da damunar 2023 ba. A shekarar nan cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, musamman wajen Kachia, Jaba da Kagarko. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Da shekara ta zagayo, iri ya yi tsada ƙwarai.

Citta ba kamar dawa take ba. Saiwarta tana iya rayuwa a ƙasa shekara da shekaru. Wani lokaci takan yi fure, amma ba mu samun iri daga furen. Saiwar da muke kai wa kasuwa, ita ce irinmu, ko Tafin Giwa ce ko Yatsun Biri. Saboda haka idan uwa tana da cuta, abin da muka yanka daga jikinta zai kai cutar sabuwar gona.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu zaɓi iri tun citta tana gona. Mu sa alama inda ganye ya tsaya kore shar har ƙarshen damuna.

2. Kada mu tona sai ganye ya bushe, wato bayan wata 8 ko 9. Mu ajiye irin a inuwa, inda iska take shiga.

3. Da ruwa ya kama a watan Afrilu ko Mayu, mu yayyanka shi da wuƙa mai tsabta. Kowane yanki ya kasance da ido ɗaya ko biyu. Wanda ya yi taushi ko wari, mu ƙone shi.

4. Mu shuka a zurfin inci 2, da tazarar inci 8. Nan da nan mu rufe da busasshiyar ciyawa, domin ƙasa ta riƙe laima.

5. Mu guje wa wurin da ruwa yake kwanciya. Gonar da ta yi cuta kuwa, mu sa mata wani amfani har shekara 3.

Mutum ɗaya yana iya sayar da irinsa saboda kuɗin makaranta. Amma idan ƙungiya ta keɓe gonar iri, kowa zai sami abin shukawa.

Tambayoyi don taronmu:
Daga ina muka sami irin bara?
Wa zai ba da fili don gonar iri?