Yadda Ake Kare Shimfiɗaɗɗen Rufi Daga Yoyo

Duk mai lambu yana bukatar ɗan ɗaki inda zai ajiye taki da iri da injin ban ruwa. Da yawa sukan yi masa rufin soro, waɗansu kuma su zuba kankare. Irin wannan rufi yana da sanyi, amma ruwa yakan kwanta a kansa, kuma ruwan da ya kwanta sai ya sami hanyar shiga. Saboda haka kafin a kashe kuɗi, a lura da abu uku.

Na farko shi ne gangara. Kome kyan abin da aka shafa, in rufi ba ya zubar da ruwa, aikin banza ne. A sa magini ya karkatar da shi wajen indararo, kowace mita ɗaya ta sauka da santimita 2 ko 3. Indararon kuma ya zama dogo, kada ruwa ya riƙa cin gindin bango.

Na biyu, a dubi jikin rufin, don kowanne da maganinsa. In soro ne na azara da ƙasa, magabata sun bar mana laso da makuba. Ana haɗa laso da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, da gashin majema, da ruwan dafara. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Dukansu suna kama ƙasa sosai, sai dai suna son sabuntawa. Kada a ruɗu a malala siminti a kan ƙasa. Ba sa haɗa jiki. Rana na bugunsa zai tsage, ruwa ya bi ta tsagar ya jiƙa ƙasar, nauyi ya ƙaru a kan azara, mai ɗaki bai sani ba sai ya ga rufi ya lotsa. Wanda zai sa leda, ya nemi mai kauri, ya binne ta a tsakiyar ƙasa, domin rana tana cinye ta.

In kuwa kankare ne, abin da ya fi shi ne shimfiɗar kwalta wadda ake mannawa da wutar gas. A bari rufin ya bushe sarai, a share shi, a fara shafa ruwan kwalta. Kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 10, a kuma ɗaga bakinsa ya hau bango da santimita 15, gama a kusurwa da bakin indararo yoyo ya fi farawa. A zaɓi mai yayyafin tsakuwa a baya, ko a shafe ta da farin fenti, don zafin bazara yana busar da kwalta.

Na uku shi ne kulawa. Kowace shekara, tun cikin Afrilu, a hau a share ganyen mangwaro da darbejiya, a tuge tsiro, a buɗe indararo, a toshe duk tsagar da aka gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ya kai mai lambu, kada ka jira ruwan Agusta ya nuna maka inda rufinka ya lalace. Yi gyaranka da rani, ka nemi magini wanda ya san aikin, kada araha ta sa ka yi asarar taki da iri.