Ina Ciwon Yake Zuwa In An Sha Tramol?

A ƙasar Birnin Gwari sai da ƙarfi ake cin tuwo. Mai huɗar masara, da mai haƙar zinariya a cikin rami, da ɗan acaɓan da ya wuni yana ratsa daji, duk da ciwon baya suke kwana. Ta nan tramol ya samu ƙofa. Sai a ji saurayi yana bugun ƙirji, wai in ya kora guda biyu gajiya ba ta san gidansu ba.

Gajiyar kuwa tana nan daram.

A 1973 wata ɗaliba mai shekara 26, Candace Pert, da malaminta Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka gano wasu 'yan gurabe a ƙwaƙwalwa da maganin kashe ciwo mai suna mofin ke shiga cif, kamar mabuɗi a kwaɗonsa. Masana suka ce ai ba za a halicci gurbin nan a banza ba. A 1975 kuwa John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a Birtaniya cewa jiki ma yana haɗa nasa maganin ciwo, wanda ke zama a gurbin. Yana cikin abin da ke sa wanda fartanya ta sara kan kasa jin zafi sai ya ga jini.

Tramol da kodin gurbin nan suke cikewa. Saƙon ciwo suke tarewa, alhali bayan yana ci gaba da lalacewa. Jiki kuma yana sabawa, wanda ƙwaya ɗaya ke isarsa bara, bana sai uku. Mafi muni, akwai irin gurbin a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, in abin ya yi yawa mutum yakan yi barcin da ba farkawa. Tramol yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Hukumar NAFDAC tramol mai miligiram 50 da mai 100 ta amince da su, amma mai 225 ake fasa-ƙwaurinsa. A 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin, kuma wani rahoton bincike na shekarar ya nuna 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba.

Wanda ya riga ya saba, in ya yanke lokaci guda sai gumi da zawo da rashin barci, yawanci nan ake komawa ruwa. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. 'Yan'uwa su raka shi asibitin da ke kusa, in ta kama a tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.