Darasi: Awon Jiki da Igiya

Ya ku 'yan'uwa, a Ɗan Gulbi mun saba auna gero da tiya, mu kuma duba ƙibar rago kafin ranar kasuwa, amma da wuya mu auna jikinmu. Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar tumbi alamar wadata, alhali kitsen da ya taru a ciki shi ne yake share wa hawan jini da ciwon sukari hanya.

Awon farko igiya ce kawai. Mu auna tsawonmu da ita tun daga tsakiyar kai har zuwa diddige, mu yanke, mu ninka ta biyu, sa'an nan mu kewaya ƙugu da ita a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, ba tare da tsuke ciki ba. Idan bakunan igiyar suka haɗu, madalla. Idan suka kasa haɗuwa, to kitse ya wuce kima, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Hukumar NICE ta Ingila ta sanya wannan ƙa'ida cikin shawarwarinta a 2022. Wannan awo bai shafi mace mai juna biyu ba.

Na biyu, mu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu muna zaune cikin natsuwa, mu ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Ga baligi, 60 zuwa 100 shi ne daidai, kuma yakan ragu ga wanda ya lazimci tafiyar ƙasa.

Na uku ya shafi 'ya'yanmu, domin rama ma haɗari ce. Ba mu manta da yunwar 2005 ba, lokacin da ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta kula da yara masu tamowa a Maraɗi da Dakoro. Zaren awon damtse na yara 'yan wata 6 zuwa 59 yana da launi uku: ja ƙasa da milimita 115, rawaya daga 115 zuwa 125, kore sama da haka. Duk yaron da awonsa ya faɗa ja, a kai shi gidan likita a ranar.

Mu riƙa yin wannan awo duk tsayuwar wata, da safe kafin karin kumallo, mu rubuta a takarda, domin mu gane bambancin kaka da damina. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.